Yadda za ka gyara CV ɗinka ya dace da aikin da kake nema

Tambayar nan ta yi yawa, daga Gwaram, daga Sumaila, daga Kafin Hausa, daga Tsanyawa, kuma kusan lafazinta ɗaya: "Yaya, na tura CV wurare da yawa, ko kira ba a yi mini ba. Me zan gyara?" Idan aka turo takardar na duba, galibi sai in tarar CV ɗaya ne tilo, wanda aka buga a kafe, wato shagon kwamfuta, tun shekarar da aka gama makaranta. Shi ake kai wa makarantar kuɗi, shi ake tura wa ƙungiyar agaji, shi ake miƙa wa kamfanin casar shinkafa, ko harafi ɗaya ba a sauya ba. Alhali kowannensu abin da yake nema daban ne, kuma ya faɗe shi ƙarara a sanarwarsa.

Ban ce takarda ce take ba da aiki ba. Rabo na Allah ne, kuma duk mun san akwai guraben da an gama raba su tun kafin a sanar. Amma akwai da yawa da ake tacewa bisa abin da aka rubuta, musamman a ƙungiyoyi, kamfanoni da makarantu masu zaman kansu. Yana yi mini ciwo in ga yaron da ya iya aikin an ture takardarsa gefe, don kawai bai faɗi abin da ya iya ba.

Kafin ka fara, tanadi littafi da biro, takardunka na makaranta duka, slip ɗin NIN, imel ɗin da kai ne ka san fasuwod ɗinsa, da waya mai WPS Office ko Google Docs. In wayarka ba ta ɗauka, ka yi komai a littafi tukuna, kafe ya zama zangon ƙarshe.

1. Samo cikakkiyar sanarwar

Abin da yake yawo a WhatsApp yawanci guntu ne: sunan aiki, adireshin imel, da "a hanzarta". Nemo asalinta a shafin hukumar ko ƙungiyar, ko a allon sanarwa na sakatariyar ƙaramar hukuma, ka ɗauki hotonta daga sama har ƙasa. In garinku sabis na wahala, sauke ta ranar da ka shiga kasuwa, ka karanta a gida a tsanake. Rubuta ranar rufewa, ka sa wa kanka wa'adin kwana biyu kafin ita, domin a ranar ƙarshe ne shafi yake cunkushewa.

Gargaɗi: duk wanda ya ce ka tura kuɗin fom asusun wani mutum, ko ya nemi BVN ɗinka, ko lambar da banki ya turo maka a waya, kuɗinka yake so. Galibin shafukan hukumomin gwamnati suna ƙarewa da .gov.ng; duba adireshin da kyau kafin ka shigar da komai.

2. Fasa sanarwar gida uku

Ja layi biyu a shafin littafinka. A gida na farko rubuta sharuɗɗan dole, waɗanda ake sa wa kalmomi irin su must, required ko minimum. A na biyu, abubuwan da aka fi so amma ba dole ba, inda za ka ga desirable ko added advantage. A na uku, ayyukan da za ka riƙa yi kullum in an ɗauke ka. Kwafi kalmomin yadda suke da Turancinsu, kada ka sauya su, kuma ka ja layi a ƙarƙashin duk abin da aka maimaita. Abin da aka faɗa sau biyu ko uku shi ne ainihin damuwar mai ɗaukar aikin.

A nan za ka yanke shawarar nema ko bari. Idan aikin koyarwa ne aka ce NCE ce mafi ƙanƙantar shaida, da rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai, kai kuma difloma gare ka a wani fanni, babu gyaran da zai cike wannan. Haka in aikin asibiti ne aka nemi ma'aikacin lafiyar al'umma, CHEW ko JCHEW, mai lasisin da bai ƙare ba, ko aka nemi takardar kammala bautar ƙasa ga mai digiri ko HND. Wanda ya wuce shekara 30 lokacin da ya gama karatu takardar yafewa yake karɓa daga NYSC, ita zai ambata. Mai ND da mai NCE ba sa zuwa bautar ƙasa, don haka kada wannan layin ya firgita su in an buɗe musu gurbin.

Gida na biyu kuwa bai isa ya hana ka nema ba. Mutanenmu da yawa suna janyewa don sun ga abu ɗaya da ba su da shi a cikin shida. In ka cika na dole, nema.

3. Rubuta uwar takarda

Wannan takardar ba a tura wa kowa ita. Rumbunka ce, inda za ka zuba duk aikin da ka taɓa yi, da wuri, da wata da shekara, da wanda ya shugabance ka. Ta kai shafi huɗu ma ba laifi.

A nan ne 'yan karkara suka fi cutar kansu, domin a ganinsu in ba a ofis aka yi abu ba, ba aiki ba ne. Zauna ka tuna. Ka taɓa shiga aikin rigakafin shan-inna, kana riƙe da takardar ƙirga, kana rubuta alama da alli a bangon gidaje? Ka raba maganin zazzaɓin cizon sauro na damina da ake ba yara daga wata 3 zuwa 59? Ka yi aikin zaɓen 2023 ka riƙe BVAS? N-Power fa, ko J-Teach ga 'yan Jigawa? Koyarwar sa-kai a firamaren garinku ko a Islamiyya, riƙe shagon POS, sakataren ƙungiyar manoma, awo da rubuta buhuna wa dillali a Dawanau ko Maigatari, gyaran injin ban-ruwa, koyon aiki na SIWES, gwajin koyarwa lokacin NCE. Duk aiki ne.

Ke ma 'yar'uwa, in kin yi wayar da kai gida-gida a matsayin VCM, wato 'yar sa-kai mai faɗakarwa kan lafiya, ko kina koyar da matan aure da yamma, ko ke ce uwar adashi mai riƙe littafin zubin mata ashirin ba a taɓa samun saɓani ba, rubuta. Ƙungiyoyin lafiya da na tallafin mata suna neman wadda za ta shiga gida a saurare ta, kuma wannan ba a aji ake koyonsa ba.

Kowane aiki ka sa masa adadi na gaskiya: ɗalibai nawa a ajin, gida nawa a rana, kadada nawa, mambobi nawa. In ba ka tuna ba, kira wanda kuka yi aikin tare. Ƙara harsunan da kake ji. Fulatanci babban jari ne ga aikin da zai kai mutum rugage, haka Barbarci a wajen Birniwa da kewaye. In ka iya tuƙa babur kana da lasisi, shi ma ya shiga.

4. Ɗauko abin da ya amsa sanarwar

Ajiye shafin nan mai gida uku kusa da uwar takarda. Ɗauki layi ɗaya daga sanarwar, ka tambayi kanka: a ina na taɓa yin wannan, ko mai kama da shi? Abin da ka samu shi zai shiga sabon CV. Abin da bai amsa komai ba ya zauna a rumbu.

A ce wani matashi ne daga Auyo. Yana da ND a fannin aikin gona daga kwalejin Binyaminu Usman da ke Haɗejia, yana noman rani na shinkafa, shi ne sakataren ƙungiyar manoman unguwarsu, ya yi rikoda, wato mai cike takardar ƙirga, a rigakafi, ya kuma riƙe shagon POS na yayansa. A tsohon CV ɗinsa noma yana can ƙasa cikin abubuwan sha'awa, kusa da kallon ƙwallo. Rigakafi da POS ko ambatonsu bai yi ba.

Sai aka fitar da gurbin malamin gona, ana son wanda zai horar da manoma, ya kula da gonar gwaji, ya kawo rahoto duk wata. A wannan CV noman ne zai hau sama, kuma ba da kalma ɗaya ba. Zai rubuta, da Turanci mai sauƙi, cewa tun 2020 yake noman rani na shinkafa a kadada ɗaya a Auyo, shi yake tsara ban-ruwa, zuba NPK da yuriya a kan lokaci, da feshi. Layi na gaba: sakataren ƙungiya mai mambobi 35, yana riƙe rajista, yana rubuta bayanin taro, shi ya tsara rabon taki. Na uku: ya koya wa manoma goma sha biyu dashen shinkafa a layi, in har ya yi hakan. Rigakafi zai zo a ƙasa a layi guda, don ya nuna ya saba shiga ƙauyuka da cike fom. POS zai iya fita gaba ɗaya.

Bayan wata guda wata ƙungiya ta nemi masu tattara bayanai da waya. Mutum ɗaya ne, amma yanzu rigakafi ne a sama: zagaye nawa ya yi, gida nawa tawagarsu take shiga a rana, yadda yake cike takardar ƙirga ya miƙa wa mai sa ido kowace yamma. POS ya dawo, domin yana nuna hannunsa ya saba da na'ura da lissafin da ba ya son kuskure. Noma ya koma layi ɗaya.

Ginin kowane layi iri ɗaya ne: fara da abin da ka aikata, kamar trained, recorded, supervised, sai abin da aka yi, sai adadi, sai wuri. Kuma ka ari kalmar sanarwar. In sun ce community mobilization, kai kuma ka yi yawon faɗakarwa da mai unguwa, to da kalmarsu za ka kira shi. Dalili biyu ne. Mai tacewa yana da takardu jibge a gabansa, idonsa kalmomin da ya rubuta yake nema. Sannan wasu manyan ƙungiyoyi manhaja ce take fara tace musu, ita kuwa kalma take bi.

Gargaɗi: aron kalma daban, ƙarya daban. Kada ka rubuta ka iya KoboCollect ko ODK, manhajojin tattara bayanai da waya, ko Excel don ka gan su a sanarwa. A wurin intabiyu waya ake miƙo wa mutum a ce cike fom ɗin nan mu gani, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. In saura kwanaki, sauke KoboCollect kyauta ne, nemi wanda ya taɓa aiki da shi ya zauna da kai yini ɗaya. Sai ka rubuta iya abin da ka koya. Haka kada ka kwafe jumlolin sanarwar sukutum ka liƙa. Wanda ya rubuta su zai gane kayansa.

5. Jera shafin

A sama: cikakken suna, lambar waya, imel, gari da ƙaramar hukuma. Wasu suna ɗaukar adireshin ɗan'uwa a Hotoro ko Kabuga suna ganin ya fi kwarjini. In aikin a Ringim ko Ɗambatta za a yi shi, kuma an ce an fi son mazaunin yankin, garinka shi ne ƙarfinka. Rubuta shi ɓaro-ɓaro.

Ƙarƙashin suna akwai jumlar nan da kowane kafe yake da ita a ajiye, mai cewa mutum zai yi aiki tuƙuru don ciyar da ma'aikata gaba. Goge ta. A gurbinta sa layi biyu ko uku da za su faɗi shaidar karatunka, shekarun da ka yi kana irin wannan aiki, da abu biyu da suka fi damun masu sanarwar. Wannan sashen ne ake sake rubutawa a kowane nema.

Wanne zai riga, karatu ko aiki? Wanda ya fi ƙarfi a kan wannan gurbi. Sabon mai NCE daga Gumel ko Bichi da yake neman koyarwa ya fara da karatu da lambar TRCN. Wanda ya shekara biyar yana aikin fili ya fara da aikin. A kowane sashe na baya-bayan nan ne a sama.

Addini, ƙabila, tsawo, aure da abubuwan sha'awa ba su da wuri sai in an tambaya. Aikin gwamnati kuwa yakan nemi ranar haihuwa, jiha, ƙaramar hukuma, har da firamare, saboda tsarin raba daidai. A can ka sa su. Lambar NIN da BVN kada su hau CV. Shafi ɗaya ya ishi sabon mai neman aiki, biyu ne iyaka. Baƙin rubutu a farar takarda, ba zane, ba launi, ba hoto in ba a nema ba.

6. Suna da shekaru su yi daidai

Shimfiɗa takardunka a tabarma ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Muhammad a WAEC, Mohammed a NIN, Muhd a satifiket ɗin difloma. Sunan gari yana ƙarshen suna a wata takarda, babu shi a wata. Ranar haihuwa a takardar rantsuwar shekaru ta saɓa da ta NIN. Wannan ya kayar da mutane da dama a wurin tantancewa bayan sun tsallake komai. A CV bi sunan da ke kan babbar shaidar karatunka. In saɓanin ya yi yawa, je kotu ka yi takardar rantsuwa tun yanzu, ka kuma fara neman gyara a NIMC, hukumar da ke ba da NIN, domin gyaransu yana cin kuɗi da lokaci. Shekarun da ka rubuta na shiga da gama makaranta su ma su dace da satifiket.

7. Masu ba da shaida a kanka

Biyu ko uku, kuma su ma ana sauya su. Aikin koyarwa, hedimastan da ka yi aiki a ƙarƙashinsa. Aikin lafiya, incaj na asibitin da ka yi sa-kai. Sunan babban mutumin da bai san aikinka ba bai kai na malamin da ya gan ka a aji ba. Je ka same shi ko ka kira: "Malam, ina neman aiki kaza a wuri kaza, ina roƙon izini in sa sunanka da lambarka." In ya amince, gaya masa abin da aikin ya ƙunsa, don kada a kira shi ya ce wane ne kuma wannan.

8. A kafe

Kuɗin kafe kashi-kashi ne: na bugawa a kwamfuta, na fitarwa a firinta, na sikanin, na fotokofi, kowanne bisa shafi. Tambayi farashin kowanne kafin a fara. Mai launi ya fi tsada kuma ba ka buƙatarsa. Sau da yawa ma kuɗin mota zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma ya fi na bugun, don haka tara komai ka yi a zuwa ɗaya: CV, takardar neman aiki, sikanin satifiket, hoton fasfo.

Tafi da rubutunka a hannu, ka zauna kusa da mai bugawa. Abin da aka saba shi ne ya buɗe CV ɗin wani, ya goge suna ya sa naka, ya ci gaba. Ta haka ake samun namiji da female a takardarsa, ɗan Kazaure da ƙaramar hukumar wani, ko lambar wayar mutumin da ba ka taɓa gani ba. Kafin a fitar, karanta a kan allon kwamfutar layi-layi, lambar wayarka kuma ka karanta ta da ƙarfi.

Karɓi fayil iri biyu, na Word da na PDF, a tura maka imel ɗinka da wayarka. Na Word shi ne zai hutar da kai: nema na gaba a waya za ka gyara shi ba tare da ka biya ko sisi ba.

Gargaɗi: in ka buɗe imel a kwamfutar kafe, fita daga ciki kafin ka tashi, ka sa a goge takardunka da aka yi sikanin. Kada ka bar mai kafe ya buɗe maka sabon imel da lambar wayarsa. Ranar da ka manta fasuwod, shi za a tura wa lambar, kuma wataƙila ya bar garin.

9. Turawa

Sa wa fayil ɗin sunanka da sunan aikin, ba CV new ko Document1 ba. Tura PDF sai in an ce Word. Kada ka ɗauki hoton takarda da waya ka tura a matsayin CV; manhaja ba ta iya karanta shi yadda ya kamata, mutum ma da ƙyar. A layin take na imel rubuta daidai abin da aka ce a rubuta, har lambar gurbin da sunan ƙaramar hukumar in an nema, domin da shi ake ware saƙonni. A cikin saƙon, gaisuwa da layi biyu sun isa, amma kada a bar shi fayau. In an ce a haɗa CV da takardar neman aiki a fayil guda, haɗa su. In an ƙayyade nauyin fayil, rage shi kafin ka fara lodawa. Gwada tura wa kanka tukuna ka buɗe ka gani.

In da hannu za a kai, fotokofi ake sawa a ambulan, a rubuta sunan gurbin a bayansa. Takardun asali ba sa barin hannunka sai ranar tantancewa, a duba a gabanka a maido maka. CV ba a yi masa laminatin. In akwai rajistar masu kawowa, sa hannu.

Komawarka gida, rubuta a littafi: wurin da ka nema, ranar, da wane CV ka tura. In an kira ka intabiyu bayan wata biyu, wannan kwafin za ka karanta, domin daga cikinsa za a yi maka tambayoyi. Layin wayar da ka rubuta ya kasance a kunne da caji. In sabis ɗin garinku yana ɗaukewa, ƙara lamba ta biyu ta wani amintacce, ka sanar da shi. Baƙuwar lamba in ta kira, ɗauka da sallama ka faɗi sunanka. Imel kuma ka riƙa leƙa shi akai-akai har da akwatin spam, domin gayyatar intabiyu takan zo da wa'adin kwana biyu ko uku kacal.